Gidan da Si Tuhami Ya Gyara a Lungun Masaƙa

Si Tuhami mijin yayata Turiya ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a tsohon birnin Fas, da jakar fata a kafaɗa, yana hawa yana gangara a lungunan da ko keke ba ya iya bi. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da jinkirin magana. Ba ya shan taba, ba ya zaman shagon shayin kowa sai nawa, shi ma don ba na karɓar kuɗinsa. Haya suke yi a hawa na huɗu, a wani bene da ke bayan ganuwa, kuma tun kafin ya yi ritaya gwiwoyin Yaya Turiya suka fara ba ta wahala. Sai ta yi mako guda ba ta sauko ba. Burinsa a duniya bai wuce ya saya mata ɗaki biyu da falo a ƙasa ba, inda za ta buɗe ƙofa ta taka titi.

Kuɗin sallamar da aka ba shi ba su kai ko rabin wannan ba. Wata uku da ajiye aiki ya zo shagona, ya zauna, ya juya kofin shayinsa har ya huce.

Ya ce, "Bushta, ka tuna gidan nan na bayan gidan burodi, wanda nake kai wa takardar wuta, rabinsa a rushe? Wani ya saya, ya gyara, ya sayar wa Turawa ninki uku. Yanzu masaukin baƙi ne. Irinsa bakwai na ƙirga a hanyata kaɗai."

Na ce, "To, Allah ya sanya musu albarka."

"Ni ma zan yi."

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Kai? Kai da ko ƙwan fitila ya mutu a gidanka sai Yaya ta aiko a kira ni?"

Ya ce, "Ai ba ni zan riƙe guduma ba. Ni ido zan sa. Akwai ƙofar da ban sani ba a birnin nan?"

Gaskiyarsa, babu. Abin da ni da shi ba mu yi tunani ba shi ne, duk saninsa a bakin ƙofa ya tsaya.

Don ya cika kuɗin, sai ya sayar da itatuwan zaitun arba'in da ya gada a wajen Safru. Ranar Yaya Turiya ta yi kuka, don tun aurensu ba su taɓa sayen mai a kasuwa ba. Ya lallashe ta, ya ce shekara ɗaya ce kawai.

Wani dillali mai suna Allal, mai yawan turare da yawan rantsuwa, shi ya nuna masa gidan. A ƙarshen Lungun Masaƙa yake, hawa biyu da soro, da tsakar gida mai buɗaɗɗen sama. A watan Agusta suka duba shi, bango a bushe ƙarau, rana na zuba a tsakar gida. Tuhami ya dawo yana cewa gidan fenti kawai yake so da ɗan shafe.

Magadan gidan mutum goma sha bakwai ne. Ɗaya na Tanja, ɗaya na Beljiyam, biyu kuma sun shekara goma ba sa ga maciji da juna. Wannan ne kaɗai sashen aikin da Tuhami ya ƙware a kai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da mota da jirgin ƙasa da wasiƙa, har ya tara sa hannunsu duka cikin wata goma sha ɗaya. Ranar da aka ba shi mabuɗi ya sayo mana kaji biyu, ya ce mai wuyar ta wuce.

Magininsa shi ne Mu'allim Jilali, dattijo gajere mai farin gashin baki, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ranar gama aiki ba. Da Tuhami ya matsa masa, sai ya ce, "Si Tuhami, gidan nan ya girmi kakan kakanka. Bari mu kware shi tukuna mu ga abin da ya ɓoye."

Lungun ya yi ƙunci, ko amalanke ba ta shiga. Yashi da farar ƙasa da bulo duk a bayan alfadari ake kawo su, buhu biyu biyu, ɓaraguzai ma haka ake fitar da su. Kuɗin alfadari ya kusa kamo kuɗin yashin. Tuhami ya haɗiye wannan. Da aka ɓamɓare shafen ɗakunan sama aka ga tsagar da hannu ke shiga, ya haɗiye. Sai aka zo kan kicin.

Ina wurin ranar, na kai wa ma'aikata shayi. Mu'allim ya hau tsani ya ƙwanƙwasa azarar rufin kicin ɗin da ƙotar guduma, sai gari ya zubo masa a fuska kamar an zazzage buhu. Gara ta cinye cikinta tas. Yana cikin share ido sai muka ji takun ƙafa a samanmu, a hankali, da ƙarar jan kujera.

Mu'allim ya dubi Tuhami ya ce, "Wa ka ajiye a sama?"

"Ba kowa."

Muka hau bene muka duba. Inda ya kamata a ce akwai ɗaki a kan kicin, bango muka tarar, ba ƙofa ba taga. Ashe ɗakin na wani gida ne daban, wanda ƙofarsa ma a wani lungu take, sai ka yi zagaye na minti biyar kafin ka kai. Wani kaka can da daɗewa ya bar wa maƙwabcinsa saman kicin ɗinsa ya ɗora ɗaki. Maganar tana cikin tsohuwar takardar gidan, layi ɗaya da rubutun da, Tuhami ya karanta bai gane ba, Allal kuwa bai ce uffan ba.

Da muka zagaya, Tuhami na ganin ƙofar ya ce, "Ai gidan Lalla Batul ne."

Lalla Batul tsohuwa ce da ta haura tamanin. Mijinta baduku ne, ya rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Gidan na dangin mijin ne, duk sun watse sun bar ta ita kaɗai a wannan ɗaki, tana ɗaura maɓallan siliki na jallabiya, teloli na aiko mata da zare suna karɓa. A gefen gadonta akwai kwanoni uku na tarar ruwan yoyo. Dandaɓen ɗakin ya lotsa a tsakiya, in ka ajiye lemo sai ya gangara.

Ta ce, "A'a, mai wasiƙa! Yau kuma wa ya tuna da ni?"

Ya ce, "Inna, ba wasiƙa na kawo ba. Ni ne na sayi gidan da ke ƙarƙashinki."

"To madalla. Na yi maƙwabci. Kwana biyun nan ina jin bugu, na ce ko aljanun gidan ne suka dawo."

Ya rasa yadda zai gaya mata cewa a kan gari take kwana.

Ya nemo lambar babban cikin magadan gidan da take zaune, wani ma'aikaci a Rabat. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, rufin kicin ɗinka ne ya ruɓe. Mu ba abin da ya samu ɗakinmu." Ya kashe waya. Tuhami ya je ofishin da ke kula da tsofaffin gidaje, aka ce ya rubuto, ya rubuta, aka ce za a turo mai dubawa. Mu'allim ya ce shi kam ba zai bar yaransa su yi aiki a ƙarƙashin wannan azara ba, kuma ba ta da damina biyu a gaba.

Ba a iya sauya azarar sai an ɗaga dandaɓen ɗakin, ba a iya ɗaga shi sai tsohuwa ta fita, ita kuma ba ta da wurin zuwa. Haka Tuhami ya je ya tsaya gaban Yaya Turiya yana murza hula, yana roƙon a kawo tsohuwar gidansu.

Ta ce, "Wato gonar ta tafi, kuɗin sallama sun tafi, yanzu kuma tsohuwa ka samo mini? Da ita aka haɗa maka a cinikin?"

Ya ce, "Mako biyu ne."

"Komai naka ai mako biyu ne, Tuhami."

A kan kujera muka hau da Lalla Batul hawa huɗun nan, ni da shi, tana ta yi mana faɗa wai muna karkata ta. Mako biyu ya zama wata biyu. Yaya Turiya da ta fara da ɗaure fuska, sai ga ta tana zaune kusa da tsohuwa tana koyon maɓalli, suna gulmar mutanen da suka mutu shekara talatin. Ranar da za a mayar da ita, Yaya ta cika mata kwando da kuskus da zuma, ta juya baya tana share ido.

Tuhami bai tsaya a azara ba, don ba yadda zai tsaya. Ruwan da ke yoyo a ɗakin Lalla Batul shi ke gangarowa cikin bangon kicin ɗinsa, dole ya gyara mata soro. Bututun gidanta ya fashe a jikin bangonsa, dole ya sauya. Da ya ga tagarta ba ta rufuwa, wannan kam ba dole, amma ya sa kafinta ya yi mata sabuwa. Kuɗin da ya ware na tayil da kafinta duk suka shige gidan da ba nasa ba. Da aiki ya tsaya cak, Yaya Turiya ta ciro ɗamarar zinariya ta aurenta ta miƙa masa. Da ta yi masa faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Shekara biyu da rabi aka yi. A watan Fabrairu na dubu biyu da ashirin aka gama, kuma wallahi gidan ya yi kyau. Tayil shuɗi da fari a tsakar gida, ƙaramin famfo a jikin bango, ƙofofin katako sun sha mai suna ƙamshi. In ka hau soro kana hangen hasumiyoyi har tsauni. Allal ya kawo wasu Faransawa, mata da miji. Matar ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai ta dafa ƙirji. Aka yi ciniki a kan kuɗin da zai sayi gidan ƙasa har a yi rara. Suka ce za su koma su haɗo kuɗi, su dawo nan da mako uku a rubuta takardar ciniki.

Kafin mako ukun annoba ta zo. Aka rufe kan iyaka, aka rufe mu a gidajenmu. Faransawan suka aiko da saƙo ɗaya na ban haƙuri, daga nan shiru.

Wata uku Tuhami bai samu zuwa gidan ba. Da aka sassauta na raka shi. Muna buɗe ƙofa wari ya tare mu. Danshi ya hau bango har gwiwa, shafen ya kumbura yana zubowa, wani farin gishiri ya feso tsakanin tayil. Tattabaru sun shigo ta sama sun ɓata ko'ina. Ya tsaya riƙe da mabuɗi, ya kasa shiga. Da muka kira Mu'allim, ya duba ya ce irin waɗannan gidaje sai da mutum a ciki, ana buɗe taga, ana hura wuta, in ba haka ba ƙasa ke shanye su ta ƙasa.

Daga ranar Tuhami ya samu sabon aiki marar albashi. Kullum da safe zai gangara, ya buɗe tagogi, ya share kashin tattabaru, ya kankare inda ya kumbura ya shafe. Ya leƙa Lalla Batul ya kai mata burodi. Da la'asar ya rufe, ya biyo ta shagona. Shekara biyu yana haka. Ya rame, tafiyar nan tasa mai sauri ta tafi.

Da baƙi suka fara dawowa gari, sai wata ta ɓullo. Gidan da ke bakin lungun ya yi ciki kamar zai rushe, aka zo aka tokare shi da manyan katakai daga bango zuwa bango. Duk mai shiga Lungun Masaƙa sai ya duƙa ya bi ta ƙarƙashinsu. Sau huɗu Allal yana kawo masu saye, uku daga nan suka juya. Na huɗun ya shiga, ya yaba, sai lauyansa ya gano maganar ɗakin da ke kan kicin, ya ce a'a.

Na ce da Tuhami, "Ku koma ciki mana, ku huta da biyan haya."

Ya ce, "Da waɗanne gwiwoyi? Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar, gangara ce ta minti ashirin. In Turiya ta shiga, sai dai a fito da ita."

Wata safiya Allal ya zo shagona da kansa, ya zauna kusa da Tuhami, ya yi odar shayi biyu.

Ya ce, "Si Tuhami, albishirinka. Na samo maka mai saye na gaske, wani Alhaji daga Darul Baida, masaukai uku gare shi."

"Ya ga gidan?"

"Ya gani tun bara. Har ya sayi na maƙwabta."

Tuhami ya ajiye kofi. "Waɗanne maƙwabta?"

"Gidan tsohuwar nan mana. Shekaran jiya aka rubuta. Ai da magadan suka zo suka ga sabon soro da sabon bututu, suka san gidan ya yi daraja, cikin mako guda suka haɗa kai. Wallahi ka yi musu aiki."

"Ita kuma fa?"

"An ba ta kasonta. Wata biyu aka ba ta ta kwashe."

Daga nan ya faɗi tayin Alhajin. Bai kai abin da Tuhami ya zuba a gidan ba, ko kusa. Na ce wa Allal ya ji tsoron Allah. Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ɗan aike ne. Ya ce, "Ku duba fa. Yanzu Alhaji ne a saman kicin ɗinku. Gobe in ya fara fasa nasa gidan, shekara biyu ana bugu da ƙura, wa zai sayi naku? Ni shawara nake ba ku ta 'yan'uwa."

Tuhami ya je wurin lauya, lauya ya ce ba wanda ya karya doka. Ya kira mutumin Rabat ya roƙe shi a bar tsohuwa a ɗakinta har ƙarshen ranta, mutumin ya ce ai gida ya fita hannunsu. Ya roƙi Alhajin ta bakin Allal, ya ce zai rage wani abu daga nasa in za a bar ta. Amsa ta dawo cewa ɗakin ne ma ya fi so, don tagarsa na kallon tsauni. Yaya Turiya ta ce a kawo ta wurinsu, amma Lalla Batul ta ƙi. Ta ce tana da dangin miji, ba za ta sa a ce sun yar da ita ba.

Ya yi wata guda yana jan ƙafa, sannan ya sa hannu. Allal ya karɓi la'ada ta kowane ɓangare. Abin da ya dawo hannun Tuhami bai isa gidan ƙasa ba, bai isa ya fanshi gonar ba, don ɗan baffansa da ya saya ya ce ba ya sayarwa. Ya sayo wa Yaya wata ɗamara da ba ta kai ta da nauyi ba, sauran ya kai banki. Har yau suna hawa na huɗu.

Kwanakin baya wani malamin makaranta da ke shirin ritaya ya same shi a shagona, ya ce shi ma yana so ya gwada wannan harka, ya ba shi shawara. Na zaci Tuhami zai tashi ya bar wurin. Sai ya gyara zama.

Ya ce, "Kada ka duba gida da rani. Ka je a Disamba, ana tsakar ruwa, ka dafa bango da tafin hannunka. Ka hau soro ka ƙirga ɗakuna daga sama, ka sauko ka ƙirga daga ƙasa, in lissafi bai zo ɗaya ba ka tambaya. Ka san wa ke kwana a samanka, wa ke zubar da ruwa a bayanka. Takardar gida kuma ka kai wa wanda ba ya cin komai a cinikin ya karanta maka. In abin da za ka zuba shi ke nan gare ka, to ka bar shi inda yake."

Malamin na ta rubutawa a bayan ambulan. Ya ce, "Sai me?"

Tuhami ya ce, "Sauran ban sani ba. Na juya abin nan ya fi sau dubu. In na bar azarar, ta rufto da tsohuwar. Da na gyara, aka sayar da gidan a kanta. Ka nuna mini inda zan tsaya in yi daban, ni ban gano ba."

A makon nan ne ya ce in raka shi mu gaishe da Lalla Batul. Tana wurin wata 'yar ƙanin mijinta, can ƙarshen gari inda bas ke juyawa. Mun same ta a kusurwar falo a kan katifa, yara na kallon talabijin da ƙarfi, kayanta a ɗaure cikin zane biyu a bayan ƙofa. Hannunta ba komai. Ta ce teloli ba sa aiko da zare nan, ya yi musu nisa.

Tuhami ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Me ka yi mini, ɗana? Shekara hamsin ina ɗakin nan. Sai a 'yan shekarun ƙarshen nan na san barcin damina ba tare da na tashi zubar da kwano ba. Allah ya yi maka albarka." Ta jawo hannun rigarsa ta rage murya. "Wata Juma'a ka zo ka kai ni in gani. Ba zan daɗe ba. In zauna bakin taga kaɗan, in gaisa da mai burodi."

Ya ce, "In sha Allahu, Inna."

Muka fito muka tsaya jiran bas. Iska na kaɗa leda a filin da ke gabanmu. Yana kallon hanya ya ce, "Na bi ta can jiya. Sun fasa bangon, sun haɗe gidajen biyu. Ɗakin nata banɗaki suke mayar da shi."

Na ce, "To me za ka ce mata ran Juma'a?"

Bas ta zo a cike, muka shiga muka tsaya a tsaye har cikin gari.